Wa ya biya kuɗin sharhin? Abin da mujallun fasahar ilimi ba sa faɗa maka

Shekara biyu da suka wuce wani bawan Allah ya ba ni aikin haɗa masa manhajar waya ta gwajin jarrabawa, irin wadda ɗalibai ke amsa tambayoyin baya a kanta kafin su zauna JAMB. Na yi aikin iya ƙarfina, ya biya ni, muka rabu lafiya. Bayan mako biyu sai ga kiransa: "Injiniya, ai ka fi kowa sanin abin nan. Ka rubuta mana ɗan sharhi a kansa, akwai shafin da zai buga, na riga na gama magana da su."

Na zauna na rubuta, kuma babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Na ce manhajar tana aiki ko babu data, haka ne. Na ce tana da agogo mai ƙirga lokaci kamar na jarrabawar gaske, haka ne. Na ce tana nuna wa ɗalibi darasin da ya fi faɗuwa a kai, shi ma haka ne. Abin da na tsallake shi ne cewa a kan ƙananan wayoyi tana rufe kanta ana tsakiyar gwaji, sannan tambayoyin da aka ba ni na zuba babu malamin da ya duba amsoshinsu. Ni da kaina na ci karo da wasu da amsarsu ba daidai ba ce, na faɗa, aka ce za a gyara daga baya. Sharhin ya fito da sunan wani, babu kalmar talla a sama ko a ƙasa. Daga baya na ji wani mai makaranta ya tura shi zauren WhatsApp na iyaye, a matsayin hujjar cewa kowane yaro ya kawo kuɗin manhajar.

Tun daga lokacin na gane abin da nake so mu tattauna yau. Idan kamfani ya ɗauki nauyin mujalla ko shafi, da wuya ya nemi a yi masa ƙarya, domin ƙarya ana iya kama ta. Abin da kuɗinsa ke saya shi ne shiru, wato jimlar da ya kamata a rubuta amma aka bar ta. Nawa laifin ƙarami ne, na 'yan dubbai. A Amurka da Birtaniya, inda manyan mujallun fasahar ilimi suke, wannan shirun yana tafiya ne da biliyoyin daloli. Kuma abin da aka rubuta a can shi ake gutsuttsurawa a turo mana a waya da taken "bincike ya nuna".

Su wane ne waɗannan mujallu?

Kashi biyu ne. Na farko mujallun sana'a, waɗanda ake yi wa malamai da shugabannin makarantu da jami'an da ke sayo wa makarantu kaya. Su ne ke ba da labarin sabuwar kwamfutar hannu, sabon allon aji mai taɓawa, ko manhajar koyon lissafi. Na biyu mujallun masana, inda malaman jami'a ke buga sakamakon bincike bayan wasu masanan sun tantance shi.

Watakila ka ce me ya haɗa ka da su, kai da ba malami ba. To, mai karanta su shi ne mai yanke hukuncin abin da za a saya wa yara dubbai a lokaci guda. Kai idan sharhi ya yaudare ka ka sayi wayar da batirinta ba ya riƙe caji, za ka yi takaici, ka kai ta kasuwa ka sayar da asara, ka huta. Yaron da aka ɗora wa manhajar da ba ta koyar da komai, zangon karatunsa ne ya tafi, kuma babu kasuwar da ake mayar da zango.

Ta inda kuɗin ke shigowa

Mu ɗauki misalai uku daga Amurka. T.H.E. Journal tana cikin tsofaffin mujallun wannan fanni, tun 1972 take fitowa, kuma an san ta da isa hannun malamai kyauta. Abin da ke riƙe da irin wannan mujalla shi ne tallan kamfanonin da take rubutu a kan kayansu.

Ta biyu ita ce EdTech, wadda kamfanin CDW ke wallafawa. CDW kuwa dillalin kwamfutoci ne da kayan intanet, kuma makarantu suna cikin manyan masu saye a hannunsa. Ba su ɓoye wannan ba, sunan kamfanin yana nan a jikin mujallar. Amma ka tambayi kanka: sau nawa dillalin kwamfuta zai buga maka labarin da ke cewa makarantarku ba ta buƙatar sabbin kwamfutoci bana, gara ku ɗauki ƙarin malamai?

Ta uku ita ce EdSurge, wadda aka kafa a 2011. Ta samu tallafi daga gidauniyar Bill Gates da kuma gidauniyar Chan Zuckerberg, wato ta mai Facebook da matarsa, kuma dukansu biyu suna zuba kuɗi a harkar koyarwa da na'ura. A 2019 ta koma ƙarƙashin ƙungiyar ISTE, wadda babban taronta na shekara-shekara ke cika da rumfunan kamfanoni. EdSurge tana da 'yan jarida na gaske, tana bayyana masu tallafa mata, kuma tana buga labaran da ba su yi wa kamfanoni daɗi ba. Duk da haka ya kamata mai karatu ya san wa ke tsaye a bayan gidan.

Ban kawo waɗannan sunaye don in ce wani cikinsu ya ci amana ba. Na kawo su ne don ka ga yadda aka gina kasuwar. Bayan talla na fili, akwai labarin da kamfani ya biya aka rubuta shi da salo iri ɗaya da sauran labarai, sai ɗan ƙaramin rubutu a gefe da yawancin mutane ba sa lura da shi. Akwai taruka da laccocin intanet da kamfani ke ɗaukar nauyi, ya kuma karɓi sunaye da adireshin imel na waɗanda suka yi rajista. Akwai lambobin yabo da yawa waɗanda sai kamfani ya biya kuɗin shiga kafin a duba kayansa, ma'ana wanda bai biya ba ko da ya fi kowa ba zai ci ba. Gobe ka ga tambarin "gwarzon shekara" a kwalin na'ura, ka ɗauka an gwada duk na kasuwa ne.

Ranar da asiri ya tonu

Mu masu bin labaran wayoyi muna da misalan da suka nuna yadda abin ke aiki idan an yaye labule. A watan Janairun 2013, a bajekolin CES na birnin Las Vegas, editocin CNET sun zaɓi wata na'urar ɗaukar shirye-shiryen talabijin mai suna Hopper, ta kamfanin Dish, a matsayin wadda ta fi kowace. Sai dai mai CNET a lokacin shi ne gidan talabijin na CBS, kuma CBS yana shari'a da Dish saboda na'urar tana tsallake talla. Daga sama aka ba da umarni a cire Hopper a sake zaɓe. Da labarin ya fito, ɗaya daga cikin manyan 'yan jaridarsu, Greg Sandoval, ya ajiye aiki, masu shirya bajekolin kuma suka karɓe alhakin ba da lambar daga hannun CNET.

Kafin nan, a 2007, babban editan mujallar PC World, Harry McCracken, ya ajiye aiki bayan shugaban kamfanin ya dakatar da wani labari kan abubuwa goma da suka tsana game da Apple. Ƙurar da ta tashi ta sa cikin 'yan kwanaki ya dawo kujerarsa, aka kuma buga labarin. A watan Disambar 2020 kuma kamfanin Nvidia ya sanar da tashar YouTube ta Hardware Unboxed cewa ya daina aika mata kayan gwaji saboda bai gamsu da inda sharhinta ke mayar da hankali ba. Sai da sauran masu sharhi suka yi ca a kansa sannan ya janye ya ba da haƙuri.

Ka lura da abu ɗaya. Mun san waɗannan ne kawai saboda wani ya yarda ya rasa aikinsa ko ya fito ya yi magana. A mafi yawan lokuta babu wanda ke buga waya ya ba da umarni. Edita ya san wa ya sayi shafin baya, ya san albashin ma'aikata daga ina zai fito a ƙarshen wata. Shi da kansa zai sassauta take, ya mayar da matsala sakin layi na goma, ko ya ce a bar labarin sai wani lokaci. Ni ma babu wanda ya ce mini kar in ambaci amsoshin da ba daidai ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Idan haka ta faru a duniyar wayoyi da kwamfutoci, inda dubban mutane ke sayen kayan su gwada da hannunsu su tona asirin mai sharhi a ranar, yaya kake gani a harkar makaranta? A can sai an shekara kafin a san ko yaro ya ƙaru, kuma ko bai ƙaru ba akwai waɗanda za a ɗora wa laifi: malami bai iya ba, yaro ba ya ƙoƙari, wuta ba ta tsayawa.

Har binciken masana bai tsira ba

Wani zai ce to a bar mujallun sana'a, a koma ga binciken jami'a. Nan ma akwai magana. A 2020 wasu masana na jami'ar Johns Hopkins, cikinsu har da Rebecca Wolf da Robert Slavin, sun duba binciken da ke taskar What Works Clearinghouse, wadda ma'aikatar ilimin Amurka ta kafa don tace hujjoji kan shirye-shiryen koyarwa. Sun kwatanta binciken da masu kayan suka yi ko suka ba da kwangilarsa da wanda masu zaman kansu suka yi. Amfanin da binciken masu kaya ke nunawa ya kusa ninka na masu zaman kansu sau biyu.

Ba sai an ƙirƙiri alƙaluma ba kafin a samu haka. A matsayina na mai rubuta manhaja na san dabarar, domin muna da irinta. Idan kana so manhajarka ta burge mai saye, sai ka nuna masa ita a babbar waya, da intanet mai ƙarfi, ka bi ta hanyar da ka san ba ta da matsala. A binciken ilimi kuma ga yadda take. Kamfani zai iya auna yara da jarrabawar da shi ya tsara, wadda ta yi daidai da abin da manhajarsa ke maimaita musu, maimakon jarrabawar da kowa ke yi. Zai iya zaɓar makarantun da malamansu suka nuna zumuɗi, ya kwatanta su da waɗanda ba su damu ba. Zai iya auna abu goma ya buga biyun da suka yi kyau. Ko kuma ya ba da kwangilar bincike biyar, huɗu su nuna babu amfani ya kulle su a durowa, na biyar ya kai mujalla. Masanan da ke tantancewa na biyar ɗin kaɗai za su gani. Duk abin da ke cikinsa zai iya zama gaskiya, amma hoton da ya ba ka ya karkace.

Rahoton UNESCO na sa ido kan ilimi a duniya na 2023, wanda gaba ɗayansa a kan fasaha yake, ya faɗi wannan ƙarara: hujja mai ƙarfi kuma marar son kai kan amfanin fasaha a aji ba ta da yawa, kuma da yawa daga abin da ake da shi ya fito ne daga masu neman sayar da kayan. Rahoton ya ce kayan fasahar ilimi suna sauyawa kusan duk wata 36, wato kafin a gama bincike mai kyau an riga an fito da sabo. Ya ce a Birtaniya kashi 7 cikin 100 kacal na kamfanonin fannin ne suka yi irin gwajin da ake raba ɗalibai gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wanda shi ne mafi inganci. Ya kuma kawo wani nazari a jihohi 17 na Amurka, inda kashi 11 cikin 100 kawai na malamai da shugabannin makarantu suka nemi hujjar da masana suka tantance kafin su karɓi kaya. Har sunan kamfanin Pearson ya kama, cewa ya ɗauki nauyin nasa binciken don ƙalubalantar na masu zaman kansu da ya nuna kayansa ba su yi tasiri ba.

Akwai kuma abin da ba ya shiga sharhi kwata-kwata. A 2022 ƙungiyar Human Rights Watch ta binciki manhajoji da shafukan koyo 163 da gwamnatoci suka ba yara shawarar amfani da su lokacin kullen korona. Ta gano kashi 89 cikin 100 suna iya bibiyar yaran ko tattara bayanansu. Labarin da kamfani ya biya ba zai taɓa buɗe maka wannan babin ba.

Wa ke biyan asarar?

A 2013 hukumar makarantun birnin Los Angeles ta fara shirin ba kowane ɗalibi iPad ɗauke da darussan kamfanin Pearson, shirin da aka ƙiyasta zai ci dala biliyan 1.3. Cikin 'yan kwanaki ɗalibai ɗaruruwa suka gano yadda ake cire shingen tsaron na'urar. Malamai suka yi ta ƙorafin darussan ba su cika ba, kuma ba sa buɗewa yadda ya kamata. A 2014 gidan rediyon KPCC ya samo saƙonnin imel da suka nuna shugaban hukumar, John Deasy, da mataimakinsa sun yi ta hulɗa da manyan Apple da Pearson kafin a buɗe neman kwangila. Deasy ya sauka a watan Oktoban shekarar, hukumar FBI ta kwashe takardu a Disamba. A ƙarshe ba a gurfanar da kowa ba, kuma hukumar ta samu a mayar mata da kusan dala miliyan 6.4. Abin lura a nan shi ne 'yan jaridar da suka bi diddigin takardu ne suka buɗe maganar, kuma wannan aiki ne da ke buƙatar edita wanda ba ya jin nauyin Apple.

Misali na biyu ya taɓo mu kai tsaye. A 2005 Nicholas Negroponte ya ƙaddamar da shirin One Laptop per Child, na ƙaramar kwamfutar dala 100 ga kowane yaro, da goyon bayan kamfanoni irin su AMD da Google. Duniya ta ɗauka da yabo. An yi ta maganar Najeriya za ta sayi miliyan ɗaya, cinikin bai tabbata ba, amma a 2007 an gwada kwamfutocin a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja. Ƙasar Peru kuwa ta saya da gaske, sama da 800,000. Sai a 2012 bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya fitar da bincike a makarantun firamare 319 na karkarar Peru. Bayan wata 15 yaran sun iya sarrafa kwamfuta, an kuma ga ɗan ci gaba a wasu gwaje-gwajen kaifin tunani, amma a lissafi da harshe babu wani ƙari. Yabon ya riga hujjar fitowa da shekara bakwai, kuma kafin ta iso an gama kashe kuɗin.

Ba na cewa na'ura ba ta da amfani a karatu. Ni da waya na koyi rubuta manhaja, bidiyo bayan bidiyo, da datar dare. Wanda zai ce fasaha ba ta koyarwa sai ya fara musa rayuwata. Amma saboda na san amfaninta ne nake jin haushi idan aka sayar wa makaranta wadda ba ta aiki, domin kuɗin da aka zuba a can an hana shi wani abu ne: littafi, malami, ko rufin aji.

To, a daina karɓar kuɗin kamfani ne?

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da za a kawo mini, kuma ba zan raina ta ba. Rubutu aiki ne. Mai sharhi yana buƙatar data, wuta, kuɗin mota da abinci. Sayen na'ura don gwaji kuɗi ne mai yawa. Mu masu karatu kuma mun saba da kyauta. Mutum nawa ne a cikinmu zai biya ko da dubu ɗaya a wata don karanta sharhi da Hausa? Mujallun masana da yawa da ba su dogara da talla ba sun kulle bincikensu sai mai kuɗin rajista, wanda malamin firamare ba shi da shi. Idan aka ce a kori masu ɗaukar nauyi gaba ɗaya, abin da zai rage shi ne takardun tallan kamfanin kansa, kuma wannan ya fi muni.

Akwai masu rayuwa ba tare da talla ba. Consumer Reports ta Amurka tun 1936 take, ba ta karɓar talla, kuma da kuɗinta take sayen kayan da take gwadawa. Sai dai miliyoyin masu biyan kuɗin shiga ne ke riƙe da ita, abin da ƙaramar mujalla ba ta da shi. Don haka ni ban ce a haramta tallafin kamfani ba. Cewa na yi a ɗaure shi da sharuɗɗa, kuma an ga inda aka yi hakan.

Likitoci sun sha wannan ɗacin kafin malamai. A 2009 ta bayyana cewa reshen babban kamfanin ɗab'i na Elsevier a Ostireliya ya fitar da wasu mujallu shida masu kama da na masana, alhali kamfanonin magani ne suka ɗauki nauyinsu ba tare da an bayyana ba. Ɗaya daga ciki Merck ne ya biya. Tun kafin wannan abin kunya, editocin manyan mujallun likitanci sun kafa doka daga 2005 cewa ba za su buga gwajin magani ba sai an yi masa rajista tun kafin a fara. Da haka durowar ɓoye sakamako ta ragu, domin duniya ta san an fara gwajin, za a tambayi inda ya kwana. A fannin ilimi kuma gidauniyar Education Endowment Foundation ta Ingila, wadda aka kafa a 2011, tana ba masu auna sakamako daban da masu shirin, kuma tana buga abin da aka samu ko da ya nuna shirin bai yi komai ba.

Abin da nake nema daga kowace mujalla ko shafi, har da wannan da kake karantawa yanzu, bai wuce waɗannan ba. A rubuta kalmar talla a sama, da manyan baƙi, a kan duk abin da aka biya, da harshen da mai karatu ke ji. A faɗi idan kyauta aka samu na'urar, ko an biya wa marubuci kuɗin jirgi da otal. Mai neman talla daban, mai yanke hukuncin abin da za a buga daban, kuma kamfani ba ya ganin sharhi kafin ya fito. Idan bincike ne, a rubuta a yarjejeniya tun farko cewa za a buga sakamako ko yaya ya zo. Sannan kar kamfani ɗaya ya zama shi ne ginshiƙin gidan, domin wanda ke ba ka rabin abincinka ba sai ya ɗaga murya ba. Doka ma tana gefen mai karatu: a Amurka tun 2009 hukumar FTC ta wajabta wa masu sharhi a intanet bayyana kyauta ko kuɗin da suka karɓa, a Najeriya kuma hukumar ARCON, wadda ta gaji APCON a 2022, ita ke sa ido kan talla har da na intanet.

Naka aikin, mai karatu

Kafin dokoki su yi aiki, wayar tana hannunka. Idan aka turo maka labari cewa wata manhaja tana ƙara wa yara ƙoƙari, gangara ƙasan shafin ka duba wa ke wallafa shi, ka shiga inda suka yi bayanin kansu. Idan an ce bincike ya nuna, nemi wanda ya yi shi da wanda ya biya. Duba da wa aka kwatanta yaran, da wace jarrabawa aka auna su, kuma wata nawa aka ɗauka. Maganar cewa ɗalibai sun ji daɗin amfani da ita ba ta nufin sun koyi komai. Ana jin daɗin TikTok ma. Ka kuma nemi aibi a cikin sharhin. Babu manhajar da ba ta da matsala, duk mai rubuta manhaja ya san haka, don haka sharhin da bai kawo ko ɗaya ba akwai abin da ya tsallake.

Idan makarantar ƙaninka ko ƙanwarka ta ce a kawo kuɗin kwamfutar hannu ko na wata manhaja, ba rashin kunya ba ne ka raka Baba ko Umma taron iyaye ka yi tambaya cikin ladabi: Malam, a ina aka gwada ta? Wane malami ya duba darussan? Tana aiki a ƙaramar waya? Ina bayanan yaran ke tafiya? A gidaje da yawa kai ne wanda ya fi kowa sanin waya, kuma da kai za a yi shawara.

Ni dai na koma wurin mutumin nan bayan na ji labarin zauren iyaye. Na ce masa ko dai a samo malami ya duba amsoshin, ko in cire hannuna daga gyaran manhajar. Bai ji daɗi ba, amma ya samo malamai biyu, muka kwana uku muna gyara. Sharhin da na rubuta kuwa yana nan a intanet har yau da sunan wani, ba ni da ikon goge shi. Tun daga nan duk wanda ya ce in rubuta a kan abin da na haɗa, sharaɗina shi ne a sa sunana, a rubuta cewa ni na haɗa shi kuma an biya ni. Wasu sun yarda, wasu sun nemi wani marubucin.